Ɓerayen Yaya Shitu

Kwanar Dangora,
12 ga Yuni, 1988.

Zuwa ga Yaya Shitu, a Sendai ta ƙasar Japan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da ɓerayenka. Mu nan damina ta sauka, an gama shuka, ni kuma ina nan bakin tasha ina tufka igiyata ina sayarwa kamar yadda ka bar ni. Ƙanwata Barakatu tana gaishe ka. Lado, Bafulatanin da ya shiga da mu bakin dajin Falgore bara muka ciro maka naman kaza a kan suri, shi ma yana gaisuwa. Ya ce a tambaye ka ko har yanzu kana tsalle in ka ga kaska.

Iya ce ba ta da lafiya.

Na san zumuncinmu sai an zauna an lissafa, kakanka da baban Iya ne suke ciki ɗaya. Amma shekara huɗu ka yi a ɗakinta a Kiru kana firamare, kana ce mata Goggo, tana ɗebe maka ƙanzo ni ina kallo. Saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wani ƙullutu ne ya fito mata a nonon hagu, ya kai ƙwallon goruba. Tun azumi ta ji shi ta yi shiru, sai da Barakatu ta gani wajen wanka. Mun kai ta wurin malamin asibiti a Kiru. Ya taɓa, ya ɓata fuska, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce Zariya, kuma mu shirya don wataƙila a cire. Da muka fito na tambaye shi ko ciwon daji ne, ya ce bai ce ba, amma kada mu kwana biyu.

Ka san Goggonka. Ta ce da nononta ta zo duniya, da shi za ta koma, ba mai yanka ta tana da rai kamar akuyar suna.

Ni ban tsaya gardama da ita ba, don ina da wasiƙarka ta watan Maris. Sau goma sha ɗaya na karanta ta. Kai da hannunka ka rubuta: "Abin da muka tace daga naman kazar nan na suri mun gwada shi a kan ɓeraye goma masu ciwon daji, ƙarin ya motse a jikin bakwai." Bakwai cikin goma, Yaya! Kana riƙe da wannan a hannu, ɓera ka fara ba? Ɓeran da muke kashewa da takalmi a bayan rumbu, shi ne can ake yi wa jinya da kayan dajinmu?

Sunan da ka kira abin, folisakarayid, ban same shi a ƙamus ɗin da ka bari ba. Sai a tsohon littafinka na kimiyya, wanda gara ta cinye bangonsa. Kwana biyu na yi a kan shafi ɗaya, na gane sukari ne da aka jera shi kamar carbi. To ni ban gama aji biyu na sakandare ba, amma na san hanyar surin, kuma ina da tukunya. Ranar Talata ni da Lado muka cika kwando. A gidanmu ba a taɓa ɗora wannan abu a wuta ba, Iya ta ce warinsa kamar tsohon jinka, amma ta sha.

Abin da nake so ka aiko min shi ne awo. Gwangwani nawa a rana, kafin abinci ko bayansa. Kada ka cika min takarda da labarin dusar ƙanƙara. Ka turo ta hannun Malam Jibrin na makarantar firamare kamar kullum.

Ƙanenka,
Rufa'i.

*

Kwanar Dangora,
14 ga Agusta, 1988.

Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa dai wajibi ce, ga ta nan. Muna lafiya, ban da wadda ka sani.

Wata biyu ke nan cif. Na tambayi direbobi, na tambayi ma'aikacin gidan waya, kowa ya ce takarda ba ta wuce mako uku tsakaninmu da ku. Uku zuwa, uku dawowa, shida. Ina sauran? Ko alƙalami ya yi tsada a Japan? Lokacin da kake son naman kaza ai takarda biyu ka aiko a wata ɗaya, har da zanen irin wanda za a ciro da irin wanda za a bari.

Malam Jibrin an yi masa canji zuwa Doguwa tun farkon Yuli. Kafin ya tashi na je har gida, ya ce babu komai nawa. Daga yau ka riƙa turowa ta akwatin Alhaji Isa mai kayan keke, lambar tana bayan ambulan.

Tunda ba ka ba ni awo ba na yanka nawa: ludayi uku da safe, uku da yamma. Ɗanyen ya fara ƙaranci, sai na shanya da yawa a kan kwanon shago, ya isa har rani. In ya bushe tauri yake yi kamar fatar ganga, ga Iya ba haƙoran kirki. Barakatu ta yi dabara, tana jefa masa ɗan gutsuren kanwa kamar yadda ake yi wa wake, ya dahu luguf, ta kaɗa kuɓewa a kai. A haka yake wucewa.

Amma ƙullutun bai motse ba, Yaya. In na faɗi gaskiya ya ƙaru. Fatar wurin ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, in ji Barakatu, ni ba na iya dubawa. Iya ta daina daka. Jiya na same ta tana jan guga da hannun dama kaɗai, ta ce wai gwada ƙarfinta take yi.

Malamin asibitin nan ya tare ni a kasuwar Kiru ya ce, "Kai Rufa'i, kun je Zariyar?" Na ce masa muna da namu likitan a Japan. Ya ce, "Likitan mutane ko na me?" A gaban masu tumatir. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba. Kuma ka sani, takardarka ta Maris na karanta ta a teburin mai shayi, direbobin Tudun Wada da na Bebeji duk sun ji. Yanzu duk wanda ya wuce sai ya ce, "Ɗan'uwan Japan, ya jikin tsohuwa?" Da me zan amsa?

Ɗaya daga cikin biyu ne. Ko dai akwai abin da kuke yi wa naman kazar da ba ka faɗa min ba, ko kuwa ɓerayenka bakwai ƙarya ne. Ka zaɓi ɗaya ka rubuto.

Rufa'i.

*

Sendai,
5 ga Satumba, 1988.

Ƙanena Rufa'i,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Barakatu, ka durƙusa ka gaishe min da Goggo. Ni lafiya ƙalau, sai tunaninku.

Takardarka ta Agusta ta iso jiya. Ina zaton ta yi saɓani da tawa ta watan Yuli a hanya. Yanzu na san ta riga ta same ka, kuma ina sa rai kun je Zariya ko kuna can. Ba zan maimaita abin da na faɗa a ciki ba. Ka rubuto min abin da likitoci suka ce.

Ɓerayena ba ƙarya ba ne, kuma tunda ka tambaya bari in yi maka bayani, don na san kai ba ka barin tambaya ta kwana. Ka gane daidai, sukari ne a jere. Amma sitacin dawa ma sukari ne a jere. Auduga ma haka, yauƙin kuɓewa ma haka. Ƙwayar kusan iri ɗaya ce, yadda aka ƙulla ta ne ya bambanta, shi ya sa ɗaya ake tuwo da shi, ɗaya ake saƙa riga. Na naman kazar nan ƙullinsa daban ne. Yana da 'yan rassa a jikinsa jefi-jefi, sannan zare uku ne suke murɗe da juna. Kai mai tufka ne, ka fi ni sanin bambancin igiya mai tufka uku da tarin zaren rama.

Shi kansa ba ya kashe ciwon. Abin da muke gani shi ne, garkuwar jikin ɓeran ce take gane wannan siffa ta farka ta kama faɗa. In muka yanke rassan, ba ta gane shi. In muka daddatse shi ya gajarce da yawa, aikin ya ragu. In muka zuba masa soda tufkar ta warware, sai ya zama kamar ba a ba da komai ba. Nauyinsa yana nan, sukarinsa yana nan, amma ɓerayen ba su samun sauƙi. Wannan shi ne dukan karatun da nake yi, shekara uku ke nan.

Shi ya sa na yi murmushi da na ga dabarar Barakatu. Kanwa ai 'yar'uwar soda ce. Mai yiwuwa tun a tukunya take warware tufkar. Na gaya wa malamina, ya ce abin sha'awa ne, bai taɓa jin mutanen da suke girki da irin wannan gishiri ba.

Kada dai ka manta har yanzu aikin nan bai wuce ɓeraye ba. Allah ya ba Goggo lafiya.

Yayanka,
Shitu.

*

Kwanar Dangora,
27 ga Satumba, 1988.

Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Yanzu ka yi magana. Iya tana amsa gaisuwarka.

Ashe kanwa ce! Wata uku muna zuba magani a tukunya muna kashe shi da hannunmu. Kai kuma ka yi murmushi. Malaminka ya ce abin sha'awa. Ka gaishe shi, ka ce masa mu nan ba mu ga abin sha'awa ba. Me ya hana ka rubuta wannan tun Maris? Layi ɗaya ne: kada a sa kanwa. Wane gida ne a ƙasar Kano ba a sa kanwa?

Ina gama karantawa na hau mota zuwa Kiru. Na tarar da Barakatu a bakin murhu da kanwar a hannunta. Na fizge na yi jifa da ita bayan katanga. Na ce mata ita ta warware maganin, ita ta ƙara wa Iya ciwo da shegen iyayinta, wa ya sa ta? Ta ce, "Yaya, kai ka ce in san yadda zan yi ta ci." Na ce ban ce ki kashe ta ba. Iya daga ɗaki ta ce, "Rufa'i, fita min daga gida." Na fita, na dawo da yamma. Barakatu ba ta yi min magana tun ranar. Ba komai, ta yi fushinta, in dai Iya za ta tashi.

Yanzu ni nake haɗawa da kaina. Ina daka busasshen ya zama gari, in dama da ruwan ɗumi, ba kanwa, ba gishiri, ba komai. Tana sha tana yamutsa fuska.

Wace takardar Yuli kake nufi? Ni ban ga komai ba. In awon ne a ciki ka sake aikowa. Zariya kuwa ba mu je ba, me za mu je yi yanzu da aka gano inda matsalar take? Na ba maganin wata ɗaya, za ka ji labari.

Rufa'i.

*

Zariya,
23 ga Oktoba, 1988.

Shitu,

Sallama ga wanda ya karanta. A barandar asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata, in ka ga rubutun ya karkace dalilin ke nan.

Ranar Laraba ta makon jiya Malam Jibrin ya sauka a Kwanar Dangora zai canja mota. Ya hango ni ya dafa kai, ya buɗe jaka ya miƙo min ambulan mai jan baki da shuɗi. Ta iso bayan tashinsa, aka haɗa da takardunsa aka aika masa Doguwa, ya sa a cikin littafi ya manta. Yana ba ni haƙuri ina duba hatimi: 4 ga Yuli.

Bari in maido maka da maganarka, ko ka manta:

"Rufa'i, don Allah ka bar naman kazar nan yau. Ba magani ba ne. Abin da muke ba ɓeraye sai mun yi wata guda muna tacewa, kuma allura muke yi musu, kuma ciwon mu muka dasa musu shi. Ko a nan, irinsa da ake ba mutane ƙari ne a kan tiyata da sauran magani, ba a madadinsu ba. Ka kai Goggo Zariya a wannan makon. Irin wannan ƙullutu kwanaki ake tsere da su. Ka gaya mata in ba ta je ba zan ajiye karatun in dawo in ɗauke ta da kaina."

A tsaye na karanta. Na zauna a kan igiyoyina na sake karantawa.

To ina tambayarka. Ka san kwanaki ake tsere da su, ka sa maganar a ambulan ka liƙa ka koma wurin ɓerayenka? Babu wayar tangaraho a Japan? Mutanen da suke ƙera rediyo da agogo? Kalma huɗu ta isa: kai Goggo Zariya yanzu. Sannan a Satumba, bayan na rubuto maka cewa ƙullutu ya ƙaru, fata ta canja, ka ce "ba zan maimaita ba." Tawada kake tattali? Ka cika shafi biyu da rassa da tufka da murmushi, maganar da za ta ceci rai ka ce ba za ka maimaita ba. Ka ba ni kanwa na riƙe. Kai ka san ni. Ka san in aka ba ni abin da zan riƙe ba na saki.

Kuma kada ka ce ka rubuta "bai wuce ɓeraye ba." Na gani. A ƙasan takarda, bayan ka gama koya min sana'ata.

Na je gida na karanta wa Iya. Da na zo wurin da ka ce za ka ajiye karatu, ta ce, "Yaron nan zai aikata, tun yana ƙarami haka yake." Ta ce Barakatu ta miƙo mata mayafi. Wata huɗu ina ganin ba mai iya tanƙwara ta, ashe layi ɗaya daga gare ka ya isa. Ni ban ma taɓa roƙonta ta je ba. Wannan ma na sani, ba sai ka faɗa min ba.

Likitan da ya duba ta ya tambayi yaushe aka fara gani. Na ce azumi, amma Yuni aka ce mu zo. Ya ɗaga hannu yana naɗe yatsu: Yuni, Yuli, Agusta, Satumba. Ya tsaya da babban yatsa a miƙe, ya dube ni. Ya ce me take sha a tsakani? Na faɗa masa. Da ya zage ni da na ji daɗi. Rubutu kawai ya yi.

An yi aikin ranar Alhamis, an cire. Sun ce ya riga ya kai hammata, sun kwashe abin da suka gani. Ta farfaɗo, ta sha kunu. Barakatu ce a wurinta, ni in na shiga sai ta tashi ta fita.

Rufa'i.

*

Sendai,
15 ga Nuwamba, 1988.

Ƙanena Rufa'i,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne. Na aiko da wannan kwafi biyu, ɗaya ta Alhaji Isa, ɗaya ta asibiti.

Akwai tangaraho, a kan hanyata yake kullum, bai zo min a rai ba. Takardar Maris kuwa alfahari ne ya sa na rubuta ta, ina so a ce a gida Shitu yana wani abu. Da na tsaya na tuna wanda zai karanta, da na fara da abin da maganin ba ya yi.

Akwai wani abu kuma da dole in faɗa maka. Ina da 'yar kanwa da Goggo ta ƙulle min a tsumma ranar da zan taho. Bayan takardarka na jiƙa ta daidai yadda ake sa wa miya, na gwada a kan abin da muka tace. Tufkar ba ta warware ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kanwar girki ba ta kai sodarmu ƙarfi ba, ko kusa. Zato na yi na rubuta maka kamar sani. Da kanwa da babu kanwa, abin da aka sha ta baki ba zai taɓa ƙullutun Goggo ba. Barakatu ba ta ɓata komai ba. Ka karanta mata wannan, don Allah, a gaban Goggo.

Na nemi izinin zuwa gida, sun ce sai Afrilu.

Yayanka,
Shitu.

*

Kiru,
12 ga Maris, 1989.

Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Na san tangarahona ya same ka, ni na san hanyar ofishinsu. Naka ma ya iso, an karanta a wurin zaman makoki. Mun gode. Yau kwana goma da rasuwar Iya. Barakatu tana nan, dangi sun fara watsewa.

Ranar Alhamis ne da hantsi. Ciwon ya koma ƙirji tun Janairu, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Likita ya ce ko da mun zo a Yuni ba shi da tabbas. Na ce masa, amma da an fi samun dama? Ya ce da an fi samu. Na gode masa da bai yi min ƙarya ba.

Takardarka ta kanwa na karanta wa Barakatu a gaban Iya kamar yadda ka ce. Mako biyu na yi da ita a aljihu kafin in iya. Da na gama na ce ta yafe min. Ta ce, "Sai da aka gwada a Japan ka yarda ban kashe uwata ba?" Ta ɗauki tulu ta fita. Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ka samu daidai kai." Yanzu muna magana, amma in ta sa kanwa a miya sai ta ɗago ta dube ni tukuna.

Ba ta'aziyya ce ta sa na zauna rubutu ba, wata wuta ce, kuma ni na kunna ta. Wani mai maganin gargajiya ya kafa tebur a tashar Kwana da lasifika, yana sayar da garin naman kaza a ƙullin leda. Maganin daji na Japan, in ji shi, bakwai cikin goma. Lissafinka ne, daga bakina ya ji a teburin mai shayi. Har yana nuna rumfata yana cewa ga ƙanen likitan can, a tambaye shi.

Ranar Litinin ina karɓar gaisuwa a ƙofar gida, wani mutum daga Ɗansoshiya ya zo, Balarabe sunansa. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya matso ya rage murya. Matarsa Saude tana da ƙullutu wata biyu ke nan, an ce ta je Zariya, amma ya ji asalin maganin a wurina yake, na tasha jabu ne. Har da kwano ya zo. A zaman makokin wadda maganin bai yi wa komai ba, Yaya! Na ce masa ka san gaisuwar wa ka zo? Ya ce ai an ce kanwa aka sa mata.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya je ya ɗauko ta yanzu. Ya ce sai an yi shawara da 'yan'uwanta. Na ce mu je tare a yi shawarar a gabana. Na karanta musu takardarka ta Yuli a tsakar gidansu, na naɗe musu yatsu huɗu kamar yadda aka naɗe min. Washegari da ni aka hau mota zuwa Zariya. An karɓe ta, sun ce da sauran dama.

Daga nan na wuce Kwana, na hau bencin mai shayi, wurin da na karanta ta Maris, na karanta ta Yuli da ƙarfi. Mai lasifika ya ce hassada ce. Wani direba ya ce, "To da can ƙarya ka yi mana?" Na ce e, ni ne, ku rubuta. Rabinsu sun ji, rabi sun koma sayen ƙullin leda.

Saboda haka ga aikinka kafin ka taho. Ka rubuto min shafi ɗaya da Hausa, manyan baƙaƙe, da sunanka da hatimin makarantarku, tunda hatimi suke ji. Layin farko ya zama: wannan ba magani ba ne, mai ƙullutu ya tafi asibiti yau. Tufkarka da rassanka ka sa su a ƙasa, ga mai son karatu. Zan kai a buga ɗari biyu in liƙa daga Bebeji har Doguwa. In ka fara da ɓera bakwai, wallahi zan yaga.

Za ka ga ƙunshi tare da wannan takarda. Ragowar busasshen naman kazar ne, mudu biyu. Ni na ɗauko shi zan zuba a wuta, tun Iya tana da rai. Ta hana ni. Na ce Iya, abin da ya cuce mu? Ta ce, "Shi bai cuce mu ba, shi a kan surinsa yake zaune. Ka aika wa Shitu. Ka ce ya gama abin da ya fara, kada ya bar bayin Allan nan, ɓeraye ukun da ba su warke ba."

Ni ban taɓa tuna ukun ba. Ita ta riƙe lissafi.

Ka zo da wuri. Ranar da za ka sauka ka bugo waya, kada ka rubuto.

Ƙanenka,
Rufa'i.